Haƙora sun jeru amma tazara ta ƙi rufuwa: a kankare na ƙasa ko a ƙara wa na sama?

Tambaya: Likita, 'yata mai shekara 16 ta yi wata 20 da wayar gyaran haƙori. Haƙoran sun jeru sarai, sai dai akwai 'yar tazara a gefen ƙananan haƙoran sama guda biyu da ta ƙi rufuwa. Likitanta ya ce haƙoranta na ƙasa sun yi wa na sama yawa, don haka ko a ɗan kankare na ƙasa ko a ƙara wa na sama faɗi da farin ciko. Hankalina bai kwanta da a taɓa lafiyayyen haƙori ba. Me zai hana a ƙara ɗaure wayar kawai, ko a buɗa muƙamuƙin?

Amsa: Hajiya, abin da likitan 'yarki ya gaya miki sananne ne a wannan fanni, kuma yana da lissafin da za ki iya cewa ya nuna miki a takarda. Waya tana matsar da haƙori, tana juya shi, tana miƙar da shi, amma ba ta ƙara masa faɗi ko rage masa ko da ƙwayar gero. Idan tun halitta haƙoran sama da na ƙasa ba su yi daidai da juna a girma ba, ana iya jera kowane sahu ya yi kyau shi kaɗai, amma in an rufe baki ba za su zauna a kan juna yadda ya kamata ba.

Ki ɗauki sahun ƙasa kamar bakin kwano, sahun sama kuma murfinsa. Sai murfi ya ɗan fi bakin kwano faɗi kafin ya hau kansa ya zauna. Haka haƙoran sama suke lulluɓe na ƙasa ta waje. A cizo mai kyau, haƙoran gaba na sama suna gaban na ƙasa da milimita 2 zuwa 3, kuma suna sauka su rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na tsayin na ƙasa. Fiƙar sama kuwa tana faɗawa a lungun da ke tsakanin fiƙar ƙasa da ƙaramin turmin da ke bayanta. Wannan zama ba ya yiwuwa sai faɗin haƙoran sama ya ɗara na ƙasa da wani gwargwado da aka sani.

Wanda ya fitar da gwargwadon shi ne wani likita Ba'amurke, Wayne Bolton, a shekarar 1958. Ya auna haƙoran mutum 55 waɗanda cizonsu ya yi kyau ƙwarai, ya samu cewa in aka tara faɗin haƙoran gaba shida na ƙasa, daga fiƙa zuwa fiƙa, jimillarsu takan kai kashi 77.2 cikin 100 na jimillar shida na sama. In kuma aka tara goma sha biyu, daga babban turmi na farko a dama zuwa takwaransa a hagu, na ƙasa sukan kai kashi 91.3 cikin 100 na na sama. Waɗannan lambobi biyu su ne har yau ake kira lissafin Bolton, kuma na gaba, wato 77.2, shi ya fi shafar 'yarki.

Awon ba shi da wahala, sai dai yana son natsuwa. Ana ɗaukar siffar haƙora da wani kwaɓi mai laushi da ake kira aljinet, a zuba filasta a ciki a fitar da samfuri, ko a ɗauka da na'urar sikana da ke zagaya baki ta tura hoton cikin kwamfuta. Sai a sa ma'auni mai baki biyu masu tsini, a auna kowane haƙori a inda ya fi faɗi, daga wurin da yake taɓa maƙwabcinsa na dama zuwa inda yake taɓa na hagu, ma'aunin yana kwance daidai da bakin haƙorin. Kuskure yakan shigo ta hanya uku: a bar aljinet ya bushe kafin a zuba filasta, sai ya tsuke, ko haƙoran suna cunkushe bakin ma'auni bai kai ainihin gefensu ba, ko akwai tsohon ciko mai tudu ko gutsuren haƙori da ya canza faɗin asali. Kuskuren milimita 0.2 a kowane haƙori ya zama milimita 1.2 a haƙori shida, shi ya sa mai kula yake auna sau biyu. Amfanin da 'yarki take da shi yanzu shi ne haƙoranta sun riga sun miƙe, don haka awon yau zai fi na ranar farko inganci.

Ga misali da lambobi, ba nata ba ne, amma irin wanda ake yawan gani ne a masu matsalarta. A sama, haƙoran tsakiya biyu kowanne milimita 8.8, na gefensu kowanne 5.2, fiƙoƙi kowacce 8.0. Jimilla 44.0. A ƙasa, na tsakiya 5.5, na gefe 6.0, fiƙa 6.7, jimillar dama da hagu 36.4. In aka raba 36.4 da 44.0 za a samu kashi 82.7, ya wuce 77.2 nesa. Ana iya karanta wannan ta fuska biyu. Haƙoran sama masu jimillar 44.0 suna buƙatar na ƙasa masu 34.0, ke nan ƙasa tana da rarar milimita 2.4. Ko kuma a ce haƙoran ƙasa masu 36.4 suna buƙatar na sama masu kusan 47.2, ke nan sama ta gaza da milimita 3.2. Matsala ɗaya ce, kuma daga nan zaɓi biyun da aka ba ki suka fito. Bambancin da bai kai milimita 1.5 ba galibi ana iya ɓatar da shi a cikin jerin ba tare da kowa ya lura ba. Daga milimita 2 zuwa sama, dole ya fito a wani wuri.

Kuma ki lura da inda laifin yake a wannan misali. Haƙorin gefe na sama yakan kai wajen milimita 6.5, wato ƙasa da na tsakiya da kamar milimita 2. Mai 5.2 ya kasa. Wannan haƙori shi ne ya fi kowane haƙorin gaba saɓa wa ƙa'ida: wani lokaci ya fito siriri, wani lokaci mai tsini kamar turke, wani lokaci ma ba ya fitowa sam, kuma abin yana bin jini. Tun da kin ce tazarar tana gefen waɗannan haƙora biyu, akwai alamar nan ne gizo ke saƙar.

Yanzu ga tambayarki ta a ƙara ɗaure waya. Ana iya yi, akwai sarƙar roba da ake ja da ita ta haɗe haƙora, kuma tazarar za ta rufe a ido. Amma milimita 3 ɗin nan sai sun fito daga wani wuri. Ko dai haƙoran gaba na sama su koma baya har su daki na ƙasa, su tsaya baki da baki ba wanda ya rufe wani; daga nan duk cizo sai su riƙa gogar juna, bakinsu ya ci, wani lokaci in aka ɗora yatsa a kan haƙorin sama aka ce yaro ya ciza za a ji yana motsi. Ko kuma fiƙoƙi da turamen sama su zamo gaba, fiƙar sama ta bar lungunta ta hau kan tsinin fiƙar ƙasa, cizon gefe ya lalace. Ko na ƙasa su matsu su sake cunkushewa. A mafi yawan lokuta, da an cire waya, haƙoran ƙasa sukan ci gaba da tura na sama a kowane cizo har tazarar ta dawo inda take. Kitso ne a kan ƙwarƙwata, kuma likitan da ya ƙi yin sa ya kyauta mata.

Buɗa muƙamuƙi kuwa, a irin yanayinta ƙara matsalar zai yi. A sahun sama wuri ne ya yi wa haƙora yawa, in an ƙara faɗaɗa shi tazarar ce za ta ƙaru. Amma tambayar ta taɓo wani abu da ya kamata iyaye su sani, domin ana yawan yi musu alkawarin gyara ba tare da cire haƙori ba ta hanyar faɗaɗa sahu.

Kowane mutum da irin lanƙwasar sahunsa. Likitoci sukan kasa su uku: mai tsukakken gaba kamar goshin kwalekwale, mai zagaye kamar ƙwai, da mai faɗin gaba wanda fiƙoƙinsa suke zama kamar kusurwa biyu. Wannan siffa ba haka kawai ta samu ba. Ƙashin muƙamuƙi ne ya shata ta, sannan harshe yana tura haƙora waje, leɓe da kumatu suna tura su ciki, haƙoran suka zauna a inda ƙarfin ya yi kunnen doki. Wayoyin da ake sawa suna zuwa daga kamfani da siffarsu a shirye, kuma duk siffar da waya take da ita, can za ta ja haƙora. In aka sa wa mai tsukakken sahu waya mai faɗin gaba don kawai ita ce a durowa, fiƙoƙin ƙasa za su buɗe, a ga kamar an samu wuri. Abin da ya dace shi ne a ɗora wayar a kan samfurin haƙoran ƙasa na ranar farko, a zaɓi wadda ta fi kama da shi, musamman in an kai ga wayar ƙarfe mai tauri ta ƙarshe, wadda ake lanƙwasawa da hannu ta bi siffar mai ita.

Faɗin da ke tsakanin fiƙoƙin ƙasa biyu, wanda a babba yakan kai wajen milimita 26, shi ne wurin da ya fi ƙin canji. Masu bincike a Jami'ar Washington, ƙarƙashin Robert Little, sun bi mutanen da aka gama wa gyara shekaru da yawa. Abin da suka wallafa a 1981 ya nuna cewa bayan shekara 10 da daina sa mariƙi, wato abin da ake sawa bayan cire waya don ya riƙe haƙora a mazauninsu, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai haƙoransu na gaba na ƙasa suka tsaya a jere yadda za a yarda da shi, kuma faɗin tsakanin fiƙoƙi ya ragu a mafi yawansu. Da suka sake dubawa bayan shekara 20, adadin ya sauka zuwa kusan kashi 10 cikin 100. Wanda aka bar fiƙoƙinsa a mazauninsu ma sahunsa yana tsukewa da shekaru, balle wanda aka tura nasa waje. Ga kuma haɗarin cewa ƙashin da ke rufe saiwar haƙoran gaba na ƙasa siriri ne ƙwarai. In aka tura haƙori ya wuce shi, dasashi yakan janye ya bar saiwa a fili.

Muƙamuƙin sama ne kaɗai yake buɗuwa da gaske, domin akwai ɗinki a tsakiyar ganɗa da ke haɗa ƙashin dama da na hagu. A yaron da bai gama girma ba ana sa na'ura mai ƙusar juyawa a tsakiya, kowane juyi yana buɗa milimita 0.25, ana juyawa sau ɗaya ko biyu a rana har ƙashin ya rabu, sannan a bar ta watanni sabon ƙashi ya cike. Alamar ta yi aiki ita ce wushirya ta bayyana na ɗan lokaci. Ana yin wannan ne ga mai tsukakkiyar ganɗa wanda turamensa na sama suke faɗawa cikin na ƙasa. A shekara 16, musamman ga mace, galibi ɗinkin ya riga ya sarƙe, buɗa shi yakan buƙaci ƙananan ƙusoshi a ƙashi ko tiyata. Muƙamuƙin ƙasa kuwa ya haɗe ya zama ƙashi ɗaya tun jariri yana wajen shekara guda, ba abin da za a buɗa. Duk faɗaɗawar da aka yi a can kwantar da haƙora waje ne kawai.

Mu koma zaɓi biyun. Kankarar da ake nufi ba fiƙe haƙori ba ne. Ana rage ɗan abu ne daga gefen haƙori, inda yake taɓa ɗan'uwansa, a cikin ɓawon waje mai tauri da ake kira inamel. Wannan ɓawo ba shi da jijiya, shi ya sa ba a buƙatar allurar kashe zafi. Iyakar da aka saba bi ita ce milimita 0.25 a kowane gefe, wato 0.5 a tsakanin haƙori biyu, kuma a ƙananan haƙoran gaba na ƙasa likitoci da yawa ba sa kai wa nan, saboda inamel ɗin gefensu bai kai milimita ɗaya ba. Tsarin aikin shi ne a fara miƙar da haƙora tukuna, domin haƙorin da yake a juye in aka kankare shi wurin da bai kamata ba za a ci. Sai a kare dasashi, a sa siririn zare na ƙarfe mai yashi ko ƙaramin faifai, a riƙa tsayawa ana zura ma'aunin kauri don a san nawa aka cire, a gyara gefen ya koma zagaye kamar yadda yake, a goge shi ya yi santsi, a shafa fuloraid, maganin da ke ƙarfafa inamel. Bin diddigi na sama da shekara 10 ya nuna cewa in an yi shi haka, ruɓewa da ciwon dasashi ba sa ƙaruwa.

Inda ake ɓata shi a bayyane yake. A bar gefe da kaushi, datti ya riƙa maƙalewa. A yi wa haƙori mataki kusa da dasashi maimakon gangare. A ci da yawa har sanyi ya riƙa kama haƙorin. Ko a yi wa yaron da bakinsa ba shi da tsafta, dasashinsa yana jini. Siffar haƙori ma tana da magana: mai faɗin baki da tsukakken wuya, kamar alwatika, yana da abin ragewa, kuma ragewar tana rufe baƙin lungun da ke bayyana kusa da dasashi. Mai miƙaƙƙen gefe daga sama har ƙasa ba shi da rara, in aka matsa saiwoyi za su kusanci juna fiye da kima. A misalinmu, cire milimita 2.4 daga mahaɗa biyar da ke tsakanin haƙora shida yana nufin kusan 0.5 a kowacce, wato an kai bango. Kuma inamel ba ya tsirowa. Abin da aka cire ya tafi ke nan.

Ƙarin faɗi kuwa ana yin sa da farin ciko mai kalar haƙori, wanda ake mannawa a kan inamel bayan an ɗan jiƙa shi da wani ruwa mai tsami na daƙiƙa 15 zuwa 30, a ɗora shi kaɗan-kaɗan ana busar da shi da shuɗiyar fitila. Galibi ba a yanke komai daga haƙorin. A misalinmu kowane haƙorin gefe zai tashi daga 5.2 zuwa 6.8, ya dace da na tsakiya mai 8.8. A nan aikin mai waya shi ne ya ajiye ƙaramin haƙorin a wurin da ya dace kafin a cika: dama da hagu su samu tazara iri ɗaya, kuma yawanci a ɗan matso da shi kusa da haƙorin tsakiya, a bar mafi yawan wurin ta ɓangaren fiƙa, domin gefen da ke kallon tsakiya a miƙe yake, na baya ne mai tudu. Ya kamata wanda zai yi cikon ya ga yarinyar tun wayar tana baki, ya ce a matsa nan ko can. In an cire waya sannan aka gano wurin bai yi ba, gyara ya yi tsada. Aibin ciko shi ne yana dafewa da goro da shayi, bakinsa yana iya gutsurewa, kuma bayan wasu shekaru sai an goge ko an sabunta. Rufin tangaran ya fi shi daɗewa, amma a shekarunta gara a jira, domin dasashi bai gama zama ba kuma ana yanke haƙori kafin a sa shi.

A ganina, ƙa'idar ita ce a gyara haƙorin da ya kauce, a bar wanda yake daidai. In haƙoran gefen nan biyu ƙanana ne a ido da a ma'auni, ƙara musu shi ne daidai, kuma murmushinta zai fi kyau, domin ƙaramin haƙori ko an rufe tazararsa yana nan ƙarami. In kuwa na sama girmansu daidai ne, na ƙasa ne manya masu siffar alwatika, to kankara ta fi. Sau da yawa ana raba nauyin biyu. A misalin nan, in aka ƙara milimita ɗaya ga kowane haƙorin gefe, sama ta zama 46.0, tana buƙatar ƙasa mai 35.5, saura milimita 0.9 kawai a rage, ƙasa da 0.2 a kowace mahaɗa. Akwai hanya ta uku, cire haƙorin gaba ɗaya na ƙasa, amma wannan sai rarar ta kusa faɗin haƙori guda, wajen milimita 5 zuwa 6, ga cunkoso a ƙasa. In an yi shi a kan rarar milimita 2, sai na sama su yi wa na ƙasa yawa, matsalar ta juye.

Akwai kuma zaɓin da littattafan Turawa ba su cika kawowa ba: wushirya. A wurinmu ado ce, ba ciwo ba, kuma in yarinya tana da ita tun asali tana sonta, ana iya tara tazarar a tsakiya a bar ta, cizon ya zauna daidai ba tare da an taɓa haƙori ko ɗaya ba. Wushiryar milimita 2 ta cinye yawancin bambancin da muka lissafa. Sharaɗi shi ne a yi hoto a tabbatar ba wani ƙarin haƙori ne a ɓoye tsakanin saiwoyin ba, kuma a gaya wa likita tun farko don ya sa ta a lissafi. Abin da nake roƙon iyaye su hana shi ne ɗaura robar gashi ko zare a haƙora biyu don rufe tazara a gida. Robar tana zamewa ta shige ƙarƙashin dasashi, ta bi saiwa tana cin ƙashi ba a gani, har haƙoran su yi girgiɗi su zube. Haka ma zuwa a fiƙe haƙora don ƙirƙirar wushirya.

Sai dai kada a ɗauki lissafin Bolton kamar yankan wuƙa. Mutanen da ya auna fararen Amurka ne, kuma 55 ne kawai. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 2000 ya samu jimillar haƙora goma sha biyu kashi 92.3 a farare, 93.1 a 'yan asalin Latin Amurka, 93.4 a baƙaƙe. Ke nan ɗanmu yana iya ɗan haura lambar Bolton alhali cizonsa lafiya lau. Kauri da karkatar haƙora ma suna canza sakamako. Haƙoran sama masu kauri ta baya suna cin wuri, suna jure ƙarancin faɗi a ƙasa. Haƙoran sama da aka miƙar da su tsaye ƙyam, aka rasa 'yar karkatar da ya kamata su yi gaba, suna tsuke sahu su bar tazara ko da girmansu daidai ne. Irin wannan gyaransa a waya yake, ba a ciko ba. Wannan yakan faru ga wanda aka cire wa ƙananan turame huɗu aka ja haƙoran gaba baya, abin da ake yawan yi a nan saboda haƙoran sama da na ƙasa da suka turo leɓe gaba tare. Ga wanda aka yi wa wannan cirewa, lambar da ake nema a jimilla takan sauka zuwa tsakanin 87 da 89.

Sannan dole a duba zaman muƙamuƙan kansu. Tun 1899 Edward Angle ya kasa cizo gida uku bisa zaman babban turmi na farko: aji na ɗaya, tsinin gaba na turmin sama yana faɗawa a tsagin turmin ƙasa, aji na biyu, sahun ƙasa ya koma baya, aji na uku, sahun ƙasa ya yi gaba. Yarinyar da muƙamuƙinta na ƙasa ya ɗan fi tsawo, haƙoranta na gaba za su haɗu baki da baki, tazara ta buɗe a sama, abin ya yi kama da na rashin daidaiton girma alhali ƙashi ne. Bincike da dama ya nuna masu aji na uku sun fi yawan samun rarar haƙoran ƙasa, don haka abu biyun sukan haɗu a baki ɗaya. Hoton gefen kai ne yake raba gardama. Harshen da ke tura haƙora lokacin haɗiya, da cizo mai zurfi inda na ƙasa suke dukan bayan na sama kusa da dasashi, su ma suna hana tazara rufuwa.

Gaskiya, tun ran gini tun ran zane: wannan magana a ranar da aka tsara aikin ya kamata ku ji ta, ba a wata na 20 ba, don ku san akwai kuɗin ciko a gaba. Amma jinkirin faɗa bai sa maganar ta zama ƙarya ba. In kun koma, ki ce ya nuna miki faɗin haƙoran gaba goma sha biyu, shida a sama shida a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya da kason da ya fito. Ki ce yarinyar ta ciza ki duba da idonki ko fiƙar sama tana cikin lungunta dama da hagu, kuma ko na gaba na sama sun rufe na ƙasa da milimita 2 ko 3. In duka biyun sun yi daidai kuma ga tazara tana nan, to ƙara ɗaure waya ba magani ba ne, girman haƙora ne. Ki nemi a gwada kafin a taɓa komai: ana iya ɗora farin ciko a haƙorin ba tare da manne ba ta duba madubi a ɓare shi, ko a jera haƙoran a kwamfuta ko a kan kaki a nuna muku yadda kowane zaɓi zai ƙare. In kankara za a yi, a rubuta milimita nawa, a tsakanin waɗanne haƙora. In har yanzu zuciyarki ba ta natsu ba, ki ɗauki samfurin da hotunan ki kai sashen haƙori na asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, wani ƙwararren ya sake aunawa. Awon minti kaɗan ne.

Duk wanda aka zaɓa, a kula da jerin aikin ƙarshe. In an cire waya kafin a yi ciko, a ba ta mariƙi a ranar, wanda zai tsare tazarar yadda take, domin haƙora suna fara motsi cikin kwanaki. Bayan ciko kuma a sake ɗaukar siffa a yi sabon mariƙi, tsohon ba zai shiga ba, in aka tilasta shi zai fasa cikon. A ƙasa, siririyar waya da ake mannawa a bayan haƙora shida daga fiƙa zuwa fiƙa ta fi tsare jeri, amma tana son a riƙa zura zaren sakace ƙarƙashinta kullum, a kuma kai ta a duba duk wata shida ko wani gefe ya ɓalle, domin wayar da ta saki haƙori ɗaya tana iya karkatar da shi a hankali ba tare da ciwo ba. Mariƙin sama kuma ta riƙa kwana da shi kowane dare, kuma ranar da ta ji ya matse ta fiye da jiya, haƙoran ne suka fara tafiya, sai ta ƙara sa'o'in sa shi ta kuma sanar da likita.